Katin Aro

Ranar Lahadi, da hantsi

Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidan da yaran gaba ɗaya. Yaya gwiwar? Kin ce likita ya hana ki hawa bene, ni kuwa na san halinki, yana juya baya kin haye shanya. Ki ji tsoron Allah ki bar wa yara. Mu nan lafiya lau, sai aiki. Baban yara yana gaishe ki.

Kin ce in daina kiran waya in riƙa rubuto miki, wai a waya ba na barin ki ki ce uffan. To ga shi na rubuto, nan ma ba za ki ce uffan ba.

Yaya, kin saurari rediyo ranar Alhamis? Ƙaramar Sista aka sa, awa guda cur. Kin tuna ta, siririyar yarinyar nan da aka turo asibitinmu koyon aiki shekara goma sha ɗaya da suka wuce, wadda ta taɓa biyo ni gidanki ta kasa cin abinci don kunya. Ranarta ta farko a ɗakin haihuwa tana ganin jini ta sulale ƙasa, sai da na bar mai naƙuda na ɗaga mata ƙafafu ina yi mata fifita. Ni na koya mata sa safar hannu. Ni na koya mata kara kunne a ciki ta ji bugun zuciyar ɗa. Yau ita ce Darakta a ƙungiyar kare lafiyar mata ma'aikata, har mai gabatar da shirin yana ce mata uwar matan kamfanin batir. Uwa fa, Yaya. Yarinyar da ko arba'in ba ta yi ba.

Bari in tuna miki, tunda kin daɗe rabonki da nan. Bayan asibitinmu, tsallaken kwata, akwai kamfanin da yake sayen tsofaffin batiran mota yana fasawa, yana narka dalmar da ke ciki. Mata ne suke fasawa da wankewa, wasu kuma a ɗakin narka suna kwashe toka. Ƙurar tana shiga hanci, tana maƙalewa a zani da ƙarƙashin farce, su koma gida da ita su ba yara nono. Ni na fara lura cewa matan nan ciki ba ya zama a jikinsu. Wata uku, wata huɗu, sai jini. Wadda ta kai ma, sai ɗan ya zo ɗan mitsitsi. Na sayi littafi mai baƙin bango na fara rubutawa, mace bayan mace. Sau uku ina kai wa shugaban asibiti takarda, sau uku yana ce min ni ungozoma ce, in tsaya a kan haihuwa.

Wata rana muna shan shayi a ɗan ɗakin da muke ajiye auduga, na buɗe wa yarinyar nan littafin. Ta zaro ido kamar yau ta fara ganin rubutu. Bayan shekara biyu ta samu ƙarin karatu ta tafi, ta dawo da tabarau da manyan kalmomi. Ranar Alhamis ina tsaye ina guga na ji ta tana cewa, na lura matan nan suna yawan ɓari. Na lura. Ba mun lura ba. Sai da na ƙona wa Baban yara hannun riga.

Kar ki ce ba na son aikin da take yi. Ina so. Nan da sati bakwai kwamitin lafiyar ma'aikata zai zauna, ita za ta tsaya ta nemi abu uku: a fitar da mai ciki daga ɗakin narka ba tare da an kore ta ba, a gina wurin wanka, a daina barin mata su tafi gida da kayan aiki. Idan aka samu, wallahi an ceci rayuka. Akwai wata da muke kira Mai Wushirya, a ɗakin narka take, mace mai raha, tana shigowa layin awo sai kowa ya yi dariya. Ciki uku ta rasa a hannuna. Yanzu tana da na huɗu, wata biyu. Ita kaɗai ke riƙe da gida tun da mijinta ya faɗo daga gini, ba ta da halin barin aikin. Saboda ita kaɗai ma ina roƙon Allah ya sa a dace.

Kawai dai kalmar nan ce ta tsaya min a wuya. Shekara ashirin da shida ina karɓar haihuwa a ɗaki ɗaya, fanka ɗaya mai ƙara, ko a taron asibiti ba a taɓa miƙa min makirufo ba.

Ki gaida kowa da kowa. Ki riƙa shafa man nan a gwiwar.

Taki har kullum,
Auta


Ranar Asabar, bayan la'asar

Yaya,

Sallama da gaisuwa irin ta kullum. Takardarki ta iso, na ji daɗi da gwiwa ta yi sauƙi. Na ga inda kika rubuta cewa ƙyashi ne yake damuna, har kika ja layi biyu a ƙarƙashi. Na gode. Da ma tun muna yara aikinki ke nan.

To ta zo. Ranar Litinin ɗin makon jiya, farar mota ta tsaya a ƙofar asibiti, direba ya zagayo ya buɗe mata. Shugaban asibiti, mutumin nan da ya ce in tsaya a kan haihuwa, shi ya fito da kansa yana gyara wuyan riga. Ta leƙo ɗakin awo ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni, Babbar Sista kaza, Babbar Sista kaza. Gaskiya ba ta raina ni a baki ba. Amma ba wurina ta zo ba. Da takardar izini ta zo daga sama, ta wuce ɗakin kati ita da wasu mata biyu masu kwamfuta, suka yi kwana huɗu suna zaƙulo katuna. Littafina yana cikin durowa, taku goma daga inda take, ba ta tambaya ba. Daga baya na ji wai kwamiti ba ya karɓar littafin mutum, sai takardar asibiti mai hatimi.

Yanzu ki natsu ki ji, don a nan maganar take. Tun da daɗewa, duk macen da ta zo awo na san a kamfanin batir take, nakan sa ɗigon jan biro a kusurwar katinta, don in riƙa duba jininta da kyau. Ni na ƙirƙiro, ni na koya wa Ƙaramar. A zamaninta ɗigon nan yana nufin mai katin ma'aikaciyar kamfani ce, shi ke nan. Amma bayan tafiyarta kamfanin ya canja hannu. Sababbin masu kamfanin suka fara turo akawunsu kowane wata ya duba rajistar awo, wai don kula da lafiyar ma'aikata. Duk wadda sunanta ya fito, sati ba ya zagayowa an sallame ta. Sai matan suka samo dabara. Mace ta ga ta yi ɓatan wata, sai ta ari katin ƙanwarta, ko na matar wanta, ko na maƙwabciya, ta zo awo da sunan wata. Mai Wushirya da katin matar wanta take zuwa, wata tela da ko ƙofar kamfanin ba ta taɓa takawa ba.

Ni na san su. Na san cikin kowace kamar yadda kika san fuskar 'ya'yanki. In kira sunan aro da ƙarfi a layi, ta amsa, mu shiga ciki, in sa jan ɗigona a katin, in buɗe littafina in rubuta sunan gaskiya. Shekara shida ke nan, daga ni sai su sai Allah.

Jiya Ƙaramar ta dawo ita kaɗai, ta ajiye min rahotonta a tebur, mai kauri, an yi masa bango mai sheƙi. Ta ce in duba mata kafin ta miƙa, babu idon da ta yarda da shi kamar nawa. Na kawo gida na karanta tas. Yaya, katunan da suke da jan ɗigo ta bi ta tattara. Mata talatin da takwas da suka yi ɓari ko suka haifi gawa cikin shekara biyar, kowace da suna da lambar kati, ta rubuta a sama cewa dukansu ma'aikatan kamfanin ne. Na ɗauko littafina na gwada ɗaya bayan ɗaya. Ɓarin gaskiya ne, duka talatin da takwas ɗin. Amma ashirin da huɗu sunayen aro ne. Duk lauyan da ya ɗora jerin nan a kan rajistar ma'aikata, cikin rabin awa ya gama da ita.

Na duba shafin godiya a ƙarshe. Ta gode wa shugaban asibiti da cikakken sunansa da digirorinsa. Ta gode wa matan kwamfuta. Ta gode wa direba, Yaya, har direba. Sai layin ƙarshe: da sauran ma'aikatan ɗakin haihuwa. Ni ce sauran.

Ban kira ta ba tukuna. Sirrin matan nan amana ce a wuyana, ba zan buɗe shi don wata ta samu tafi ba. Kuma mai digiri uku ai ba ta buƙatar ungozoma ta nuna mata hanya. Akwai sauran sati biyar, zan yi tunani.

Ki gaishe min da yara, ki ce wa babbar in ji sakamakon jarrabawarta.

Ƙanwarki,
Auta


Ranar Laraba

Yaya,

Gaisuwa, da fatan kuna lafiya. Mu ma lafiya.

Ba sai kin yi min wa'azi shafi uku ba. Na sani. Na san amana ba ita ce ta hana ni ba, tunda kwamitin yana da likitarsa mace da take jin shaida a asirce ta rufe a ambulan, kamfani ba ya gani. Da na faɗa wa Ƙaramar, da ta kai matan ɗaya bayan ɗaya wurin likitar nan, a gyara jerin, ba wadda za a kora. Kin ce in tashi in je in faɗa mata ko ki daina amsa takarduna. To na je.

Jiya na ɗauki hutun rabin yini na hau mota har ofishinta, rahoton a jaka, littafina a ƙarƙashinsa. Wallahi da niyyar faɗa na fita. Hawa na uku ne, sanyi kamar cikin firji, wata yarinya a bakin ƙofa ta tambaye ni ko ina da alƙawari da Darakta. Na ce ki ce mata wadda ta ɗaga mata ƙafa ce. Ba ta gane ba, ta nuna min kujera.

Minti arba'in na zauna ina kallon bango. Hotunanta ne reras, nan tana karɓar lambar yabo, nan tana jawabi, nan tana gaisawa da manya. A tsakiya akwai wani babba: hannun mace a kan cikin wata, da zaren awo. Na kalla na sake kalla. Hannuna ne, Yaya. Ga tabon ruwan zafin nan a bayan babban yatsa, wanda ke kika jawo min shi muna yara. An yanke hoton daga wuyan hannu. A ƙasa an rubuta sunan ƙungiyarta.

Ta fito da gudu tana ba ni haƙuri, ta rungume ni, ta ja ni ciki, ta zuba min shayi da hannunta. Ta ce ta sa an ajiye min kujera a zauren ranar zaman, a layi na biyu, bayan baƙi. Sannan ta dafa rahoton ta kalle ni, idonta duk ya faɗa don rashin hutu, ta ce, “Babbar Sista, akwai abin da ya kamata in sani?”

Jakar tana kan cinyata, ina jin kusurwar littafin tana taɓa ni. Na ce, “Aiki ya yi kyau.”

Ta yi ajiyar zuciya ta ce yanzu hankalinta ya kwanta. Har ƙasa ta rako ni, ta sa direba ya mai da ni.

Abin da na faɗa wa kaina a mota shi ne, bari ta ɗan yi tuntuɓe a gaban mutane, sai a waiwayo a ce wa ya san gaskiyar katunan nan, sai in miƙe daga layi na biyu da littafina. Haka na tsara, ba zan ɓoye miki ba. Ki yi fushin ki gama, amma ki rubuto.

Mai Wushirya ta zo awo yau. Zuciyar ɗan tana bugawa sarai. Ta ce ta fara ɗaure cikin da tsohon ɗankwali a ƙarƙashin rigar aiki, wai saura sati uku Darakta ta kwance mata shi.

Taki,
Auta


Ranar Juma'a, da safe

Yayata,

Ina gaishe ki, ina gaida maigidan. Shiru ban ji daga gare ki ba, na san dalili. Duk da haka ke kaɗai nake da ita da zan faɗa wa, don ko Baban yara bai sani ba.

An yi zaman ranar Talatar makon jiya. Zauren ya cika, matan kamfani da ba su da aikin safe suna tsaye a baya. Ƙaramar ta yi magana minti talatin ba ta duba takarda ba. Ta yi bayanin yadda dalma take bin jinin uwa ta isa wurin ɗa, yadda ko ni sai da na ƙaru. Har shugaban kwamitin ya ajiye biro yana saurare. Ina zaune ina cewa a raina da ni ce da tuni na sarƙe a jumla ta biyu.

Sai lauyan kamfani ya miƙe, wani gajere mai sanyin murya. Ya yabe ta tukuna. Sannan ya buɗe rajistar ma'aikata ya fara kiran sunayen jerinta ɗaya bayan ɗaya, bayan kowane suna ya ce babu. Sau ashirin da huɗu. Ya shigo da mata uku suka rantse ba su taɓa aiki a can ba, kuma gaskiya suka faɗa. Ta ukun ita ce telar nan, matar wan Mai Wushirya. Ya tambaye ta ko ita ce ta yi ɓari sau uku kamar yadda katinta ya nuna. Mijinta yana zaune a zauren. Ta kalli baya inda Mai Wushirya take tsaye, ta sunkuyar da kai ta ce ita ce. Lauya ya juya ya ce wa kwamiti ga shi nan, rahoton Darakta da kansa ya nuna yawancin masu ɓarin ba ma'aikatansu ba ne, sai a nemi dalili a wani wuri.

Yaya, zan faɗa miki abin da ban taɓa zaton zan rubuta ba. Lokacin da Ƙaramar ta tsaya tana juya shafuka, tabarau yana zamowa, na ji daɗi. Daɗi sosai, har cikin ƙashina. Bai fi ƙiftawar ido biyar ba, amma na ji shi.

Ban miƙe ba. Sai a lokacin na ga wautar tsarina. Akawun kamfani yana zaune taku uku daga gare ni da biro a hannu. In na buɗe littafin a nan, mata ashirin da huɗu sun rasa aiki kafin la'asar. Ba wanda ya waiwayo ya tambayi wa ya san gaskiyar katuna. Shugaban kwamiti ya ɗage zaman zuwa wata shida, ya ce wa Ƙaramar ta koma ta koyi ƙirga. Aka yi dariya.

Shekaranjiya ta zo asibiti, ba mota, ba direba. Ashe kwana takwas ta yi tana bin gidajen matan, wasu suka rufe mata ƙofa, wata ta watsa mata ruwan wanki, har wata tsohuwa ta tausaya ta faɗa mata maganar aron kati. Ta jira a benci tare da masu awo sai da na sallami ta ƙarshe. Ta shigo ta rufe ƙofa ta zauna a kan gadon awo, ƙafafunta suna lilo kamar da. Na shirya wa zagi, har na tanadi amsoshi. Ba ta zage ni ba. Ta ce ita ce da laifi, tun ranar farko wurina ya kamata ta fara zuwa, ɗoki da girman kai suka hana ta. Ta ce ta san na gani, don ba a taɓa sa kati a gabana ban gane mai shi ba. Na buɗe baki, ta ɗaga hannu.

“Ba zan faɗa wa kowa ba,” in ji ta. “Ni matan nan sun daina yarda da ni. Dole a bar musu mutum ɗaya da za su riƙa zuwa wurinsa.”

Ta roƙi littafin don ta fara shirin zama na gaba. Na buɗe durowa na ba ta. Ta karɓa da hannu biyu ta yi godiya.

Kin san abin da na ji bayan ta fita? Ba kunya ce ta fara zuwa ba. Haushi ne. Na ce wato har a nan ma sai ta fi ni. Na zauna ina jin haushin yarinyar da ta rufa min asiri, har mai shara ta shigo ta ce in ɗaga ƙafa.

Mai Wushirya tana nan a ɗakin narka. Ciki ya shiga wata na biyar, ɗankwali ɗaya ya daina isa, biyu take haɗawa. Na ce ta nemi hutu ko na wata ɗaya ne, ta yi dariya ta ce hutu ai sunan kora ne a wurinsu. Jininta ya yi ƙasa, dasashinta ya fara yin duhu. Na ba ta duk maganin da nake da shi.

Don Allah ki rubuto, ko zagi ne.

Ƙanwarki,
Auta


Ranar Litinin

Yaya,

Assalamu alaikum. Na ga takardarki mai layi huɗu, na gode da kika tambayi lafiyata. Lafiyata ƙalau. Allah ya ƙara miki sauƙin gwiwa.

Ranar Alhamis da azahar aka kawo Mai Wushirya. Abokan aikinta biyu ne suka riƙo ta suka tsallako kwata da ita, da rigar aiki a jikinta, toka har gira. Wata shida da sati biyu. Sai da na sa almakashi na yanke ɗankwalayen, sun shiga cikin fata. Na kara kunne ban ji komai ba, na sa na'ura, ita ma shiru. Kafin la'asar ta haihu. Namiji ne, da gashinsa, da faratansa, komai ya fito. Tafin hannuna biyu ya cika. Na wanke shi na naɗe a farin ƙyalle na nuna mata, ta daɗe tana kallo, ta ce kunnen babansa ne.

Ba zan ce miki na tabbata da an fitar da ita daga ɗakin narka wata biyu da rabi da suka wuce da ɗan nan ya rayu ba. Allah ne ya sani. Amma ni ungozoma ce, na san abin da sati goma yake nufi a ciki.

Washegari da hantsi matan kamfani suka zo dubiya, sun kai goma sha biyar, suka cika ɗakin har bakin ƙofa. Ina gyara mata ƙarin ruwa sai ta kama hannuna ta ɗaga. Ta ce wa matan su shaida, duk garin nan mutum ɗaya ce ba ta taɓa tona su ba. Ta ce waccan ta rediyo ta kwashi sunayen mutane ta kai kasuwa don a tafa mata, har auren matar wanta yana rawa, amma Babbar Sista shekara shida ta riƙe bakinta. Wata babba a cikinsu ta ce sun yi shawara, zama na gaba ni suke so in tsaya in yi musu magana, ba sa son mai tabarau. Suka yi ta sa min albarka, ɗaya bayan ɗaya, har da masu kuka.

Abin da na yi shekara da shekaru ina jira ke nan, Yaya. Ga shi an ba ni a gaban mutane. Na rataye robar ruwan, na kasa kallon fuskar kowa.

Bayan sun tafi na ja labule na zauna a bakin gadonta. Ƙaramar ta ce a bar musu mutum ɗaya, na san da haka, kuma mai yiwuwa ita ce da gaskiya. Amma na kasa. Na faɗa mata duka: na ga kuskuren sati biyar kafin zama, na san yadda za a gyara ba tare da an kori kowa ba, an tambaye ni ido da ido na ce aiki ya yi kyau. Ta tambaye ni ko kamfani ne ya saye ni. Na ce a'a. Ko an tsorata ni. Na ce a'a. Ta ce to mene ne. Na ce ba a sa sunana a shafin godiya ba.

Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta zare hannunta daga nawa a hankali ta sa a ƙarƙashin bargo, ta juya tana kallon bango.

Akwai takardar da ake cikewa in an haifi ɗa ba rai, tana jikin allo a ƙafar gadon, ban cike ba tun jiya. Katin da ke maƙale da ita na telar ne. Na ce mata dole in miƙa takardar yau, wane suna zan sa a wurin uwa.

“Nawa za a sa,” ta ce, ba ta juyo ba. “Wannan dai ɗana ne, in sun ga dama su kore ni. Amma ki kira wata sista ta rubuta.”

Na fita na kira sabuwar da aka kawo mana bana, na ba ta birona. Na tsaya a bayan labule ina jin tana tambayarta yadda ake rubuta sunan, tana faɗa mata harafi bayan harafi. Yau da safe aka sallame ta. Ta bi ta gaban teburina da 'yar jakarta, ta gaida mai shara, ta gaida mai gadi.

Gobe akwai awo, mata talatin ne a rajista. Ban san nawa za su zo ba.

Ki gaida yara. Ki sa ni a addu'a in kin ga zan samu wuri.

Ƙanwarki,
Auta